Inda Nare Ke Tuntuɓe

Ranar da Nare ya cika shekara a kabari, kawunsa ya zo da safe ya cire wa matarsa Segomotso baƙaƙen kayan takaba, aka raba tufafin mamaci, aka ci nama aka watse. Sati bai zagayo ba ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado ta ciro wasu baƙaƙen: wandon fata, rigar fata mai ƙusoshi a kafaɗa, da takalman kaboyi masu ƙarfe a dunduniya. Surukarta ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe haɓa, ta kira ta Mma Neo, wato Maman Neo, kamar kullum.

"Mma Neo, jiya-jiya fa muka raba ki da baƙi."

"Wancan ku kuka sa mini, Mma. Wannan shi ya saya mini."

Sunan Nare na gaskiya Otsile, amma ban da uwarsa ba mai kiransa haka. Shekara goma sha bakwai yana kaɗa bes, jitar nan mai kaurin murya, a ƙungiyar kiɗan metal, kiɗan nan mai ƙara da kururuwa, da ake kira Shanun Ƙarfe, har ranar da motarsa ta yi karo da saniya a hanyar Kang. Hannunsa na hagu yatsu uku ne. Bel ɗin injin rijiya ya cinye ƙananan biyun tun yana saurayi a wurin shanun babansa. Kullum zai hau dandamali sai ya sa safar hannu ta baƙar fata, wadda Segomotso ta yanke wa kan yatsu uku, ta cusa auduga a sauran biyun ta ɗinke. A hoto ba ka ganewa. Ranar rabon kaya kawu ya tambayi safar, ta ce ba ta san inda ta shiga ba. Tana cikin aljihunta a lokacin.

Akwai waƙarsu da ake kira Shekarar Fari. A tsakiyarta kowa yakan tsaya, mai ganga da mai jita da mawaƙi, a bar bes shi kaɗai ya yi gudu sau huɗu. A kowane gudu akwai wurin da mai yatsu biyar zai miƙa ƙaraminsa ya taɓo. Nare kuwa sai ya ɗaga hannun gaba ɗaya ya yi tsalle da shi, don haka sai a ji shiru na numfashi guda. Ya sha zama a tsakar gida yana zagin wannan wuri. Wata rana Segomotso tana daka naman seswaa, dafaffen naman nan da ake dakawa, a tukunya, da ya kawo wurin ya yi shiru sai ta saki taɓarya, dum! Don tsokana ta yi. Ya harare ta, ya sake, ta sake. A wasa na gaba ta buga ƙafa a daidai wurin. Na kusa da ita suka ɗauka. Kafin shekara biyu, duk inda Shanun Ƙarfe suka je, mutum ɗari uku ne ke buga takalmi ɗaya a wannan shirun, har kwanon rufi ya amsa.

Tana cikin takaba ƙungiyar ta ɗauki wani mai bes. Ba ta je wasansa na farko a Lobatse ba, mai takaba ba ta shiga taro. Ƙawarta Tladi ce ta kawo mata labari. Tladi ma'aikaciyar jinya ce, Litinin zuwa Juma'a cikin fararen kaya fat, ranar Asabar kuwa ko uwar da ta haife ta sai ta duba sau biyu.

"Ɗan coci suka ɗauko mana, 'yar'uwa! Daga Francistown. Malamin makaranta, da rigarsa a guge, har da biro a aljihu. Mun sa masa Fasto. Duba nan ki ga."

Ta miƙa mata waya. Segomotso ta ga wani siririn mutum mai tabarau riƙe da bes can sama kusa da haɓa. Kiɗa dai ya iya, wannan ba musu. Aka zo tsakiyar Shekarar Fari, aka bar shi shi kaɗai. Ta riƙe numfashi, ƙafarta ta ɗaga da kanta. Shirun bai zo ba. Mutumin ya cike wurin da wani ɗan kwalliyar sauti, sumul, kamar an shafe rami da siminti. A cikin wayar ta ga mutane da ƙafa a sama ba wurin saukewa. Sai ta ga Phiri, jagoran masoya ƙungiyar, ya juya wa dandamali baya, sannan layi-layi kowa ya juya.

"Yatsunsa yake nuna mana," in ji Tladi. "Wai shi biyar gare shi. Mutum ko ƙasar kabarinsa ba ta kwanta ba."

Segomotso ta mayar mata da wayar. Daren nan ko abinci ba ta ci ba.

Yanzu ga Yuni ya kama, watan sanyi a nan, lokacin babban taron Ghanzi, inda duk mai rigar fata a ƙasar nan yake zuwa ko da a ƙafa ne. Suka loda tukwanen ƙarfe masu ƙafa uku a bayan a-kori-kurar Tladi, da buhun garin masara da cinyar sa. Tun daga Jwaneng suka fara haɗuwa da 'yan'uwa: a kan babura, a bayan manyan motoci, wasu tsaye a bakin hanya da malafar kaboyi suna ɗaga yatsu biyu kamar ƙaho. Duk wanda ya gane ta sai ya cire hula ya kwarma ihu, "Mma Nare ta fito! Mma Nare ta fito!" Ba ta yi niyyar dariya ba, amma kafin su kai Kang haƙoranta sun sha iska.

Safiyar Asabar aka yi jerin gwano a cikin gari kamar kullum. Sarƙoƙi na kacau-kacau, dogayen riguna na sharar yashi, wani da kan biri busasshe a ƙirji, wani da jelar doki a ɗamara. Tsofaffin mata suka fito bakin shaguna suna guɗa. A gaba Phiri ne, direban motar shanu, ƙato wanda sai ya karkata yake shiga ƙofa, da ƙahon sa a rataye wanda yake shan giya a ciki. Da ya hango ta sai ya tsayar da jerin gaba ɗaya. Ya zo suka haɗa damtse, gam, yadda ake gaisawa, sannan ya sunkuya ya rungume ta har ƙafarta ta bar ƙasa.

"Uwarmu, kin rame. Waye yake cinye miki abinci in je in zauna a kansa?"

"Sauke ni, kura, kana warin shanu."

"Warin arziki ke nan." Ya sauke ta, fuskarsa ta canza. "Mun yi magana, Mma. A Lobatse ni na fara juyawa, amma ba hurumina ba ne. Yau ke za mu kalla. Kika juya baya, mu juya. Kika tsaya, mu haɗiye mu tsaya."

"Kada ku ɗora mini wannan, Phiri."

"An riga an ɗora."

Ana wasan ne a babbar rumfar kwano inda ake gwanjon shanu, mai daɓen siminti. Ta kafa tukwanenta a gefe, inda take ganin dandamali sosai. Wajen sha biyu naman ya fara saki daga ƙashi. Sai ga Lenong, mawaƙin ƙungiyar, mai walda ne a Kanye, abokin Nare tun suna makarantar firamare. Ya tsuguna kusa da wuta yana murza hannu.

"Na ji abin da Phiri ya ce miki."

"Gari duka ya ji. Phiri bai iya raɗa ba."

"Mma Neo, ban zo roƙo ba. Amma gara ki sani. In aka sake juya mana baya yau, shi ke nan. Na gaya wa sauran. Na kai hamsin, ba zan tsaya ina yi wa ƙeyar mutane waƙa ba. Gobe in kai kayan kiɗan gareji in rufe." Ya tura itace cikin wuta. "Ban san me suke so ba. Sun ce ba shi da fata, mun aro masa fata. Mutumin nan ya kaɗa Shekarar Fari yadda na rubuta ta tun farko. Shekara goma sha bakwai ina jiran in ji ta a cike. Da can ai don su rufa wa Nare asiri suke buga ƙafa. Yanzu ba abin rufewa."

Ta dube shi. Mutum ya tsaya a gaban abu shekara goma sha bakwai bai gan shi ba. Ta so ta kwaɗa masa ludayi. Sai ta ce, "Tashi, Rra, kana tare mini iska." Rra shi ne malam a bakinsu.

Ya tafi, ya bar ta da abin a ƙirji. In ta juya baya, ba za a ƙara kaɗa waƙoƙin Nare a kowane dandamali ba, sai dai a waya. In ta tsaya, ta yarda ke nan wani ya shafe wurin da take zaune a cikin waƙar mijinta. Ta ɗauki taɓarya ta fara daka naman da ƙarfin da bai kamace shi ba.

"Ina wuni, Mma."

Ta ɗago. Shi ne. An sa masa wata rigar fata da ta fi ƙarfinsa, hannuwan sun rufe masa yatsu, ga malafa ta sauko ta zauna a kan tabarau. Kamar an rataye kayan a jikin ƙusa. Ya cire malafar ya riƙe da hannu biyu, ya ɗan rusuna.

"Sunana Mompati Selelo. Ni ne... ni ne wanda aka ɗauka. Na so in zo gida in yi miki gaisuwa tun tuni, aka ce mini kada in kuskura. Allah ya ba ki haƙuri, Mma."

Daga bayansa wasu suka fara. "Fasto! A yi mana addu'ar cin abinci mana!" "Fasto, wa ya ba ka aron fatar? Saniyar tana nema!" Ya yi kamar bai ji ba, amma kunnuwansa sun ji.

"Ka ci abinci?" ta ce.

"Ba zai shiga ba, Mma."

"To me ya kawo ka cikinmu? Cocin ya kore ka ne?"

"A'a, gobe ma ni ne da kiɗan safe, in na isa da rai." Ya yi ɗan murmushi. "Shekara goma faifan mijinki yana cikin motata. In na fito daga coci na sha kwana, sai in rufe gilashi in ƙure murya. Matata ta ɗauka injin ne ya lalace, sau biyu tana tura ni wurin makanike. Ban taɓa samun zuwa wasansu ba, kin san mutanenmu da baki. Da na ji ana neman mai bes, kwana uku ban yi barci ba. Na koyi kowace waƙa daga faifan, yadda ya taɓa haka nake taɓawa. Wuri guda kawai na canza."

Hannunta ya tsaya a kan taɓarya. "Wane wuri?"

"A Shekarar Fari. Akwai inda yake ɗan tuntuɓe, sau huɗu. Na ce wataƙila ranar da aka ɗauki faifan ba shi da lafiya. Na ga in na maimaita, kamar ina kwaikwayon kuskuren mamaci ne a gaban mutanensa. Sai na rufe masa. A wurinmu in babba ya yi tuntuɓe a waƙa, ɗaga murya muke yi mu lulluɓe shi." Ya juya malafar a hannunsa. "Ban san abin da na yi musu ba, Mma. Ba mai yi mini magana sai da tsiya. Na ce ko ke za ki gaya mini."

Segomotso ta daɗe tana kallonsa. Wata uku tana ɗauke da wannan mutum a zuciya a matsayin mai girman kai, ga shi tsaye yana rawar sanyi a cikin rigar aro. Dariya ta taso mata tare da kuka, ba wanda ya fita.

"Lenong bai gaya maka komai a kan hannunsa ba?"

"Hannun wa?"

"Kai, maza! Tladi, zo ki riƙe mini wutar nan. Kai kuma ɗauko jitarka ka same ni bayan motar can."

A bayan motar shanun Phiri ta sa hannu a aljihu ta ciro safar. Fatar ta yi laushi, ta ɗauki siffar hannun mai ita, yatsu biyun nan na auduga sun ɗan lanƙwashe. Shekara guda ba wanda ya gan ta. Har yanzu in ta kai hanci tana jin gumi da man inji. Ta riƙe ta ɗan lokaci kafin ta miƙa.

"Kawo hannun hagu. Naɗe ƙananan biyun cikin tafi. Naɗe sosai, hannunsa ya yi biyun naka, za su shiga."

Ya bi yatsun audugar da kallo, ya latsa ɗaya, ya dube ta. Bakinsa ya buɗe.

"Rufe bakin, ƙuda. Kaɗa mini wurin."

Ya kaɗa ba tare da an haɗa da lasifika ba, tsirkiyoyin suna ɗan gunaguni. Yatsu uku suka yi ta karo da juna. Ya kawo wurin, ƙaramin yatsansa ya yi yunƙuri a cikin safar bai samu fita ba, dole ya ɗaga hannun gaba ɗaya ya yi tsalle. Shiru. Segomotso ta buga dunduniya a jikin tayar mota, dum.

Ya tsaya cak.

"Ci gaba mana! Sau huɗu ne."

Ya sake, ta sake. A na ukun ya cire tabarau ya goge ido da hannun rigar aro.

"Wato a Lobatse, da na ga sun ɗaga ƙafa..."

"Ka bar mutum ɗari uku a tsaye kamar zalɓe."

"Wayyo ni." Ya zauna a kan matakin motar. "To ai zan iya barin wurin ba sai da safar ba, Mma. Na gane yanzu. Ki riƙe abarki."

"A'a. In ka bari da gangan za a ji, zai fito a share kamar ɗakin baƙo. Shi ba bari yake yi ba, gudu yake ya cim ma waƙar. Kullum yana zaton yau zai kai. Sa a aljihu. In an zo waƙar ka sa. Kuma ka cire rigar nan, ka yi kama da jemage a buhu."

"Za su kashe ni in suka gan ni da safarsa."

"Wataƙila. Ai kai Fasto ne, ka san inda za ka."

Ƙarfe huɗu na yamma Shanun Ƙarfe suka hau. Rana ta karkato ta shigo ta gefen rumfar, tana walƙiya a kan ƙusoshi da sarƙoƙi. Ƙungiyoyi uku sun riga sun dafa wurin, jama'a sun yi gumi duk da sanyin, gashi na bulala, ana ture-ture a tsakiya ana ɗaga duk wanda ya faɗi. Amma da Mompati ya fito da farar rigarsa a guge, biro a aljihu, sai wurin ya yi tsit, sannan aka kwashe da ihu.

"Fasto ya tuɓe!"

"A buɗe littafi shafi na nawa?"

"Sauko da jitar ƙasa, malam, ba jariri ba ne!"

Mai ganga ya ƙirga, suka faɗa waƙar farko. Lenong ya buɗe maƙogwaro da muryar nan tasa kamar ana jan buhun tsakuwa a kan kwano. Kiɗan ya daki Segomotso a ƙirji, wurin da ya yi shekara a rufe, ta ji gwiwoyinta suna son su tafi da kansu. Ba ita kaɗai ba. Ta ga kawuna suna ɗan motsi a ɓoye, ta ga Phiri ya harɗe hannuwa a ƙirji yana cije leɓe, amma yatsan ƙafarsa na cin amanarsa. Ba wanda ya yi rawa. Waƙa ta ƙare, ba tafi. Ta biyu ma haka. Duk bayan ɗan lokaci sai malafa ɗari uku su juyo wajen tukwane, su koma.

Lenong ya goge fuska. Bai yi dogon bayani ba. "Shekarar Fari," ya ce, kamar mai sanar da rasuwa.

Sai Mompati ya sa hannu a aljihun wando ya ciro safar. A gaban kowa ya naɗe yatsunsa biyu ya zura.

Na gaba ne suka fara ganewa. Maganar ta bi ta baya kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Phiri ya yi wata irin kururuwa, ya ture mutum biyu ya nufi dandamali.

"Cire! Cire ta, ɗan iska! Kabari ka tona? Wa ya ba ka?"

"Ni na ba shi!" Segomotso ba ta san tana da wannan muryar ba. Ta hau kan akwatin lemo da taɓarya a hannu. "Ni na ba shi, Phiri! Koma wurinka kafin in daka ka da naman nan!"

Phiri ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan matakala. Lenong ya dubi safar, ya dubi Segomotso, bai fahimci komai ba. Mai ganga ne ya cece su, ya ƙirga huɗu ya afka.

Da yatsu uku kiɗan Mompati ya daina sheƙi. Ya yi nauyi, ya yi kaushi, yana jan ƙafa kamar sa mai ƙishirwa. Gumi ya jiƙa farar rigar. Tabarau ya zamo zuwa kan hanci ba hannun gyarawa. Baiti na farko ya wuce, na biyu ya wuce. Segomotso ta sauko ta tsaya a kan babbar tukunya, ta riƙe taɓarya da hannu biyu.

Ganga ta tsaya. Jita ta tsaya. Aka bar bes shi kaɗai.

Ya yi gudu, ya yi gudu, ya kawo wurin, hannun ya tashi sama.

Shiru.

Ba wanda ya ɗaga ƙafa, don ba wanda ya sa rai. A cikin rumfar nan duka abu ɗaya aka ji: taɓarya a gindin tukunyar ƙarfe. Dum!

Wata mata ta yi ƙara a baya. Phiri ya juyo a hankali ya dubi Segomotso, idanunsa sun firfito. Bes ya riga ya kama gudu na biyu. Ta ga gwiwoyi suna tashi, layi bayan layi, fata na ƙara, sarƙoƙi na rawa. Hannun ya yi tsalle.

DUM!

Kwanon rumfar ya amsa, tattabaru suka watse daga cikinsa, murfin ƙaramar tukunya ya faɗo ƙasa. A na uku har mai ganga ya taka tasa. A na huɗu Lenong, wanda ya yi shekara goma sha bakwai yana jin haushin wannan wuri, ya tsaya riƙe da makirfo yana kallon mutanen kamar yau ya fara ganinsu, sannan ya ɗaga ƙatuwar ƙafarsa ya sauke tare da kowa. Da ƙungiyar ta dawo gaba ɗaya, wurin ya kece. Malafa na tashi sama, Tladi ta bar wuta ta faɗa tsakiya, ƙarti masu gemu suna rawa suna kuka ba mai jin kunyar wani. Segomotso ta yi ta dukan tukunyar har naman ya zama kamar auduga.

Waƙar ta ƙare amma ihun bai ƙare ba. Phiri ya haye dandamali, katakon na kuka a ƙarƙashinsa. Mompati ya ja da baya ya kare jitar da jikinsa. Phiri ya fizge makirfo daga hannun Lenong.

"Kai! Me ya sa ka toshe mana wurin a Lobatse?"

"Ban sani ba ne, Rra. Na ɗauka ina rufa masa asiri."

"Ka ɗauka..." Phiri ya juya ga jama'a. "Kun ji? Bai sani ba! Wata uku muna zagin mutum, ba jakin da ya je ya tambaye shi!"

"Kai ne babban jakin!" Tladi ta kwarma daga ƙasa.

"Na karɓa!" Ya ciro ƙahon sa daga wuyansa, ya cika, ya miƙa. Mompati ya ce ba ya sha. Aka yi ihu. Phiri ya ce a kawo lemo, ya zubar da giyar a gefen dandamali ya ce wannan ta Nare ce, ya cika ƙahon da lemo. Mompati ya kafa kai ya shanye, rabi a ciki rabi a farar riga. Phiri ya kama hannun nan mai safa ya ɗaga sama.

"Fasto!" ya ce.

"FASTO! FASTO! FASTO!"

Mompati ya cire safar ya miƙe yatsunsa da suka sandare. Waƙar da ta biyo baya da biyar ɗinsa ya kaɗa ta, da duk kwalliyar cocinsu, aka yi rawa har ƙura ta tashi daga simintin.

Rana na shirin faɗuwa ya zo wurin tukwane, an riga an ɗora masa malafar wani, an rataya masa sarƙa. Lenong na can yana gardama da mai ganga a kan wasan Maun na watan gobe. Mompati ya miƙo mata safar da hannu biyu. Ta jiƙe sharkaf. Segomotso ta karɓa ta kai hanci. Warin ya canza. Nan ne kukan da ya maƙale tun rana ya samu hanya, ta zauna a kan akwatin lemo ta yi shi sosai, shi kuma ya tsaya a gefe, Tladi ta kori masu son matsowa.

Da ta gama ta share fuska da gefen ɗankwali, ta mayar masa da safar.

"Ta waƙa ɗaya ce, ka ji? Sauran ka yi naka. Kada ka wanke ta da sabulu, fatar za ta bushe. In audugar ta fito ka kawo mini in ɗinke."

"To, Mma."

"Yanzu zai shiga?"

"Me?"

"Abincin, Fasto."

Ya ce zai shiga. Ta zuba masa tuwon masara, ta ɗora nama har ya zubo ta gefe.